Ɗaya cikin miliyan 73: yadda lissafi ke iya ɗaure marar laifi, ya hana mayunwaci taimako

Duk wanda ya saba zama ƙofar maigari ko bakin kasuwa ya san yadda gardama ke mutuwa da zarar wani ya jefo lamba. Ana cikin ja-in-ja, kowa na faɗin abin da idonsa ya gani, sai wani ya ciro waya ya ce ai an ce kashi 80 cikin 100 ne. Shi ke nan, bakin kowa ya mutu. Alhali kuwa mutum in ya zo ba da shaida gaban alƙali, sai an tambaye shi ina yake tsaye lokacin da abin ya faru, da rana ne ko da dare, kuma mene ne tsakaninsa da wanda yake ba da shaida a kansa. Ita lamba ba mai yi mata waɗannan tambayoyi. Ta shigo, ta samu wuri ta zauna, a yanke hukunci da ita.

Ba wai mutanenmu ba su iya lissafi ba ne. Manomin da bai taɓa shiga lakkol ba ya san dami guda cikin goma na zakka ne, wato kashi 10 cikin 100 ke nan, ko da bai kira shi haka ba. Malamin rabon gado na fitar da tumuni da sudusi ba tare da na'ura ba. Tsohuwa mai saida ƙuli-ƙuli tana juya dala zuwa jika, jika zuwa naira, duk da ka, kafin saurayi ya gama buɗe wayarsa. Wahalar na farawa ne in lambar ta zo daga nesa, cikin takarda mai hatimi ko cikin saƙon murya na WhatsApp, ba mu san wanda ya ƙirga ba, ba mu san abin da ya ƙirga ba, ba mu kuma san abin da ya bari bai ƙirga ba.

Ga misali daga gida. Ƙidayar jama'a ta 2001 ta samu mutum kimanin 277,000 a gundumar Agye. Ƙidayar watan Disamba na 2012 ta samu kimanin 246,000. Wanda ya ajiye lambobin nan biyu gefe da gefe zai ce Agye ta ragu da mutum 30,000 cikin shekara 11, ya shiga neman dalili: ci-rani ne ya kwashe su, ko yunwa, ko kuwa cutar mu aka yi wurin ƙidaya. Babu ko ɗaya. A 2011 ne aka cire Gazawa da Gangara daga Agye aka yi musu tasu gunduma, kuma ƙidayar 2012 ta samu mutum kimanin 160,000 a can. Haɗa su biyun ka samu sama da 400,000. Ashe ƙaruwa aka yi, ƙaruwa mai yawa ma. Lambobin biyu duk gaskiya ne, amma Agyen 2001 da Agyen 2012 ba ƙasa ɗaya ba ce.

Ita dai wannan ƙidaya ta 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 kowace shekara. In ka ji "kashi huɗu bai cika ba" sai ka ce ai kaɗan ne. To, da wannan tafiyar, cikin shekara 18 yawan mutane ya ninka. Gidan Rumji da aka ƙirga mutum sama da 520,000 a lokacin, yau ta wuce nan nesa ba kusa ba. Saboda haka duk mai rabon taki ko gidan sauro ko kujerun makaranta da tsohon lissafi, rabonsa ba zai kai ba tun kafin mota ta tashi daga Maraɗi. Mu ma kuma, mu faɗi gaskiya, muna da namu hannu a ciki: gidan da ke da mutum shida ranar da aka zo zancen haraji yakan zama mai mutum goma sha biyar ranar da aka zo rubuta sunayen taimako.

Shekarar 2005: rumbun ƙasa da yara masu tamowa

Babu inda lissafi ya ci mu kamar a 2005, kuma manyan cikinmu duk sun gani da idonsu. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. Bayan kaka, hukuma ta yi lissafin da ta saba yi kowace shekara: a kimanta hatsin da aka noma a ƙasa baki ɗaya, a ɗauki yawan jama'a a ninka da abin da mutum guda ke ci a shekara, wato sama da kilo 200, sannan a ga ko akwai giɓi. Giɓin da aka samu ya kai tan 223,000. Lamba ce babba a kunne, amma bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasa ke buƙata ba. Aka jera garuruwan da gonakinsu suka fi lalacewa, akasari can arewa wajen iyakar noma da kiwo, aka ce nan ne matsala take. Kudancin jahar Maraɗi kuwa, ai rumbun ƙasa ne, a takarda ba shi cikin waɗanda suka fi shiga haɗari.

Sai ga shi yaran da suka cika cibiyoyin tamowa na ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, yawancinsu daga wannan kudancin suka fito, daga Gidan Rumji da Madarunfa da maƙwabtansu. A shekarar kaɗai ƙungiyar ta karɓi yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi.

Yaya aka yi haka? Lissafin hukuma bai yi ƙarya a kan yawan hatsi ba. Abin da bai tambaya ba shi ne: hatsin na hannun wa? A ce gari na da magidanta biyu, ɗaya ya ɗaure dami 200, ɗaya dami 10. In ka haɗa ka raba biyu, kowa na da dami 105, gari ya ƙoshi. Amma mai dami 10 tun kafin sanyi ya wuce rumbunsa ya koma wurin kwanan kaji. Wannan shi ne abin da masu boko ke kira matsakaici, kuma shi ne mafi yaudara cikin alƙaluma, domin yana iya zama daidai ƙwarai alhali bai yi kama da gidan kowa ba. A kudancin Maraɗi jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsattsage wurin gado, akwai gidaje da yawa da abin da suke nomawa ba ya kai su rabin shekara ko da damina ta yi kyau. Su ne ke saida hatsi da arha da kaka don biyan bashi, su dawo su saye shi da tsada in bazara ta yi nisa. Hatsin kuma ba ya zama wuri ɗaya, yana bin farashi, ya ratsa Jibiya ya nufi Dawanau a Kano in can ya fi tsada. A tsakiyar 2005 buhun gero ya kusa jika 30 a wasu kasuwanni. Kasuwa cike take da hatsi, talaka na kallonsa.

Ban da haka, tamowar yaro ba zancen rumbu kaɗai ba ce. Akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai zawo, akwai yaye da wuri saboda sabon ciki, akwai kuɗin likita da uwa ba ta da su, tunda sai a 2006 aka yi dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bayyana cikin lissafin tan-tan na gero.

A watan Agusta na 2005 shugaba Tandja Mamadou ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, yana mai cewa mutane a ƙoshe suke ga duk mai ido. Ƙungiyoyin agaji kuma suna nuna hotunan yara da alƙaluman cibiyoyinsu. Kowane ɓangare da lambarsa a hannu. A ganinmu, lambar gwamnati amsa ce ta wata tambaya dabam: ita tana amsa "nawa aka noma", su kuma iyaye mata da ke layi da goyo tambayarsu ita ce "me yaron nan zai ci yau". Watannin da aka ɓata ana wannan gardama, ana saida hatsi da rahusa ga mutanen da ko rahusar ba su da kuɗinta, kafin a yarda a raba kyauta, yara ne suka biya su.

Rigimar ba ta ƙare nan ba. A watan Yuli na 2008 gwamnati ta dakatar da aikin MSF ta Faransa a Maraɗi, kuma cikin abubuwan da aka zarge ta da su har da kumbura yawan yara masu tamowa. Ba mu zo raba wannan gardama a nan ba, amma akwai abin da ya kamata mai sauraro ya riƙe. In aka ce bana yaran da aka karɓa a cibiyoyi sun ninka na bara, yana iya nufin ciwon ya ƙaru. Yana kuma iya nufin an buɗe sabbin cibiyoyi kusa da ƙauyuka, iyayen da a da ba su iya zuwa yanzu suna zuwa. Yana ma iya nufin an sauya ma'auni. Kun san ɗan zaren nan mai launi da ake auna dantsen yaro da shi? A da sai dantse ya gaza milimita 110 ake cewa tamowa ta yi tsanani. A 2009 hukumar lafiya ta duniya da UNICEF suka ɗaga iyakar zuwa 115, don a ceto yara da wuri. Gari ɗaya, yara ɗaya, rana ɗaya, amma da sabon zare za ka ƙirga masu ja fiye da yadda za ka ƙirga da tsoho. Wanda bai san an sauya zare ba sai ya ce abu ya lalace, ko ya ce ƙarya ake yi.

Uwar da lamba ta kai kurkuku

Kada wani ya ce wannan ciwon marasa boko ne. Shari'ar da ta fi shahara a duniya kan wannan batu a Ingila aka yi ta, gaban alƙali mai digiri, da bakin babban likita.

Sally Clark lauya ce. Ɗanta na fari ya rasu farat ɗaya a watan Disamba na 1996, yana da mako 11 a duniya. Na biyu ya rasu a watan Janairu na 1998, yana da mako 8. Aka kama ta, aka ce ita ta kashe su. A kotu, wani fitaccen likitan yara mai suna Roy Meadow ya ce a gida irin nasu, masu hali, marasa shan taba, jariri guda cikin 8,543 ne ke irin wannan mutuwar ta farat ɗaya da ba a san dalilinta ba. Sai ya ninka 8,543 sau 8,543, ya ce yiwuwar abin ya faru sau biyu a gida guda ita ce ɗaya cikin miliyan 73. A watan Nuwamba na 1999 aka yanke mata ɗaurin rai da rai.

Kuskure biyu ne a cikin wannan lamba, kuma duka biyun muna yin su a nan kullum.

Na farko shi ne ninkawar. Ana ninka yiwuwa da yiwuwa ne kawai in abubuwan biyu ba abin da ya haɗa su. A ce cikin rumbu 100 guda ɗaya ke cin wuta a shekara. In rumbuna biyu na gida guda suka ƙone dare ɗaya, ba za ka ce 100 sau 100, ɗaya cikin 10,000, lalle maigidan ne ya cinna musu don a tausaya masa ba. Ai rumbunan kusa da juna suke, iska ɗaya ke kaɗa su, wutar da ta ci wannan ita ta tsallaka ga wancan. Haka yaran uwa ɗaya uba ɗaya: jini ɗaya, ɗaki ɗaya, ruwa ɗaya. Abin da ya kashe na fari, in na gado ne ko na muhalli, yana nan yana jiran na biyu. Gidan da ya rasa ɗaya ya fi sauran gidaje kusa da rasa na biyu.

Na biyu ya fi wuyar gani, kuma shi ya fi kisa. Masu yanke hukuncin sun ji "ɗaya cikin miliyan 73" sai suka fahimci cewa yiwuwar matar nan ba ta da laifi ke nan. Ba haka ba ne. Ko da lambar daidai ce, abin da take faɗi shi ne mutuwar jarirai biyu haka kawai abu ne da ba a cika gani ba. To, uwa ta kashe jariranta biyu fa, shi ana cika gani? Shi ma ai abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Yara biyu sun riga sun rasu, wani abu mai wuyar aukuwa ya riga ya auku ko ta nan ko ta can. Tambayar da ta rage ita ce cikin bayanin biyu wanne ya fi kusa, kuma ba a auna na biyun ba sam. Kamar mace ce ta haifi ƴan uku, a ce ai haihuwar ƴan uku da wuya take, saboda haka sato biyu ta yi. A ƙasa irin tamu da ake haihuwar jarirai wajen miliyan guda a shekara, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin 10,000 zai faɗa wa gida 100 kowace shekara, kuma kowane cikin gidajen nan 100 maƙwabta za su ce ba su taɓa ganin irinsa ba.

A watan Oktoba na 2001 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Ingila ta fito fili ta ce lambar nan ba ta da tushe. Daga baya aka gano cewa likitan da ya binciki gawar yaro na biyu yana da sakamakon gwaji da ke nuna ƙwayar cuta a jikinsa, bai kuma miƙa shi ba. A watan Janairu na 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta, bayan ta shafe sama da shekara uku a kurkuku. Ba ta sake komawa daidai ba, ta rasu a watan Maris na 2007 tana da shekara 42. A Ostareliya ma an yi irin haka da Kathleen Folbigg, wadda ƴaƴanta huɗu suka rasu: ta yi shekara 20 a ɗaure kafin a sake ta a 2023, bayan masana sun gano wata matsalar gado a jinin ƴaƴanta mata biyu da ke iya tsayar da zuciya.

Mai wabi, da wadda ake nunawa da baki

Mu a nan ba kasafai irin wannan magana ke kaiwa kotun Maraɗi ba. Kotunta na tsakar gida ne, da bakin rijiya, wani lokaci ƙofar maigari ko fadar sarki. Mace ta binne yaro biyu, uku, sai a fara: wabi gare ta, ko ƙafarta ba ta da kyau, ko kishiya ce, ko tsohuwar nan ta bayan gida da ba ta da kowa, ita ce ke lashe su. Hujjar kullum ɗaya ce, irin ta likitan Ingila: sau ɗaya ƙaddara ce, amma har sau uku?

Bari mu yi lissafin tare. Binciken lafiya na ƙasa na 1992 ya samu cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Iyayenmu da suka haifi takwas ko goma a wancan zamani, wadda ta binne uku ba ta fita daban ba, ita ce ma ta tsakiya. A binciken 2012 lambar ta sauko zuwa 127 cikin 1,000, wato kamar ɗaya cikin takwas, kuma wannan ci gaba ne babba da ya kamata a yaba. Amma a binciken nan dai, mace a jahar Maraɗi na haihuwar ƴaƴa takwas da ɗoriya a rayuwarta. Ɗauki mata 100, kowace ta haifi takwas, kowane yaro da haɗarin nan na 127 cikin 1,000. Ko da babu ciwon gado, babu rijiya marar kyau, babu komai da ya haɗa mutuwar wannan da ta wancan, lissafi na nuna kimanin 27 cikinsu za su rasa biyu ko fiye, kimanin 7 kuma za su rasa uku ko fiye. Mata bakwai a gari guda, ba maita, ba sammu. In kuwa aka ƙara da abubuwan da ke haɗa yaran gida ɗaya, kamar nisa da likita da haihuwa kusa-kusa, sai mutuwar ta ƙara taruwa a gidaje ƙalilan, su ne kuma gidajen da za a nuna.

Babban misali shi ne sikila, ciwon da wasu ke kira amosanin jini. In miji da mata kowannensu na ɗauke da rabin ciwon, abin da likitoci ke rubutawa AS, su kansu lafiyarsu lau, amma kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon gaba ɗaya. A nan ma ana yawan kuskuren fahimta. Mutum ya ji "ɗaya cikin huɗu" sai ya ce to na fari ya ɗauka, ukun da ke biye sun tsira. Ina! Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da ya faru da wansa ba. Ana iya samun uku a jere duk da ciwon, ana iya samun shida babu ko ɗaya. Auren zumunci kuma na ƙara yiwuwar a haɗu da mai irin jininka. Abin da ya fi ciwo shi ne yaro ba ya samun sikila sai ya gado daga uwa da uba duka biyu, rabi nan rabi can, amma uwar ce ake saki. Mijin ya auro wata mai jinin AA, yara su rayu, dangi su ce kun gani, dama daga gare ta ne. Su a ganinsu hujja ta tabbata. Gwajin jini guda a asibiti kafin a ɗaura aure ya fi duk wannan shari'a sauƙi.

Sawun takalmi

Akwai wani nau'in kuskuren da ya fi kusa da aikin jandarma da ƴan banga. A ce an fasa rumbu da dare, da safe aka ga sawun takalmin roba mai wani irin zane. Aka bi gari aka samu saurayi sanye da irinsa. Wani ya ce ai cikin maza 20 guda ɗaya ne ke sa irin wannan takalmi, saboda haka kashi 95 cikin 100 shi ne ɓarawon. Ku tsaya. In garuruwan da ke kewaye na da maza 2,000, masu irin takalmin sun kai 100. Saurayin nan ɗaya ne cikin mutum 100, kuma in babu wata shaida ban da sawu, yiwuwar shi ne ta fi kusa da ɗaya cikin 100, ba 95 ba. Sawu na rage yawan waɗanda za a tambaya, ba ya nuna mutum. Sai in an samu hatsin a ɗakinsa, ko wanda ya gan shi, lissafi ke sauyawa. Haka abin yake da launin babur, da rukunin jini, da "mai irin tsawonsa". Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma zaton da aka sa wa rigar kashi-cikin-ɗari bai daina zama zato ba.

Juya wannan magana kaɗan, sai ka ga inda take zama haɗari ga gari sukutum. "Yawancin ɓarayin da aka kama daga wuri kaza suke" magana ce guda. "Yawancin mutanen wuri kaza ɓarayi ne" magana ce dabam, ko kusa ba su haɗu ba. Ko da ta farkon gaskiya ce, tana iya kasancewa mutum 30 ne cikin 30,000. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, akasarinsu mata da yara, har hukumar HCR da gwamnati suka zaunar da wasu a Garin Kaka da Dan Daji Makau da Shadakori. Mutanen garuruwanmu sun buɗe musu gidaje tun kafin wata ƙungiya ta iso. Amma duk ranar da aka kore shanu ko aka ɗauke mutum, za ka ji mai cewa tun da baƙin nan suka zo abu ya lalace. Lalle abubuwan biyu sun zo lokaci guda. Sai dai ba wannan ne ya haifi wancan ba, uwa ɗaya ta haife su: ƴan bindigar da suka koro su daga gidajensu su ne dai ke tsallako iyaka su yi mana ɓarna.

Ƴan uwa da ke Kano, da Legas, da Agadas, da Libiya, da Aljeriya, ku wannan ya fi shafa, domin ku labarin gida ta waya yake zuwar muku, kuma ku ake roƙo ku tura gaba. Saƙo ya ce an kashe mutum 50, ko kashi kaza na wata ƙabila na da hannu, babu rana, babu sunan gari, babu wanda ya ƙirga. Kafin ka danna, kira wani da ke garin ka tambaye shi gawa nawa ya gani, wa ya yi musu salla.

Gundumar Gidan Rumji ta riga ta san inda irin wannan lissafi na "dukansu ɗaya ne" ke kaiwa. A watan Oktoba na 1991, ana cikin babban taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya ya tashi a Toda. Aka bar neman wanda ya yi laifi aka faɗa wa duk wanda ya yi kama da shi. Mutum sama da 100 suka mutu, akasarinsu mata da yaran Fulani, waɗanda ba su kora ko akuya guda cikin gonar kowa ba.